Saba'in da Uku Cikin Ɗari

Ƙarfe biyu na dare a Lviv,
a ƙasan ɗakin karatun jami'a,
inda a da muke jibge jaridun da ba mai tambaya.
Mun shimfiɗa katifu tsakanin kantoci.
Ostap ya toshe 'yar tagar sama da buhunan yashi,
da suka ƙare, ya cike da tsofaffin kundayen digiri.

Aikinmu kwafa ne.
Kafin wuta ta ci na'urar da ke goye da shafi
mu janyo shi, mu zuba a rumbu uku:
ɗaya nan, ɗaya a Tartu,
ɗaya can ƙetaren teku, hannun wata mata
da ban taɓa ganin fuskarta ba,
sai dai takan rubuto, Myroslava, kin ci abinci kuwa?

Yanar gizo aka ce sunanta tun farko,
mu ne muka ɗauke ta dutse.
Wa ya taɓa ganin yana ta kwana
a ɗakin da gobara ta leƙa?

Daren nan rabona ya faɗa kan gidan tarihin wani ƙauye a gabas,
ɗaki biyu da baranda.
Shafin ba kyan gani,
koren rubutu a kan ruwan ɗorawa, sai ka kanne ido.
Wata Zinaida Fedorivna ce ta haɗa shi da kanta,
ta maƙala lambar wayarta a ƙasa:
a kira bayan ƙarfe huɗu,
kafin nan ina wajen awakina.

Ga hotunan mayafai masu ɗinkin ja da baƙi,
ɗari da goma sha ɗaya,
ƙarƙashin kowane, sunan matar da ta huda yatsa a kai.
Ga muryar wani tsoho yana lissafa rijiyoyin garin,
da wadda ruwanta ke da ɗanɗanon ƙarfe.
Ga jadawalin motar haya, Talata da Alhamis.

Ostap ya leƙo ta kafaɗata.
Ya ce, bar jadawalin nan, manyan taskoki na jira.
Na ce a'a.
Ranar da wani zai miƙe ya ce ba a taɓa gari a wurin ba,
motar Alhamis zan nuna masa,
bakwai saura kwata, gaban kantin burodi.

Arba'in cikin ɗari.
Jiniya ta tashi, ƙura ta zubo daga rufi cikin shayina.
Hamsin da takwas.
Na sami kaina ina lallashin na'ura
kamar mai kora saniya ta haye gada:
taka, 'yar uwa, taka, saura kaɗan.
Sittin da tara.
Saba'in da uku.

Nan ta tsaya.

Na danna, na sake dannawa.
Farin allo, da layi ɗaya mai ladabi:
ba a sami wannan shafi ba.
Ban ji ƙarar komai ba.
Tafiyar yini biyu ce tsakaninmu,
haka faɗuwar gari ke isowa nan, shiru, cikin ƙananan haruffa.

Na ƙirga abin da ya tsira.
Mayafi tamanin da ɗaya.
Tsohon ya kai rijiya ta biyar,
ya buɗe baki zai ambaci ta shida.
Jadawalin ya fito cif, ko ɗigo bai ɓace ba.

Ostap ya ce, da babu gara ba daɗi,
ya miƙo mini rabin burodinsa bai dube ni ba.
A rajista na rubuta: bai cika ba.
Hannuna ya ƙi rubuta: ya ɓace.

Da gari ya waye na buga lambar.
Ta yi ta ƙara, ba wanda ya ɗauka.
Na ajiye, na buɗe layi na gaba a jerin,
wata makarantar kurame, shafi ɗari biyu.

Ai huɗu ba ta yi ba tukuna.
Zan sake kira.